Wa ke riƙe da almakashi? Finafinan bayan fage na mawaƙan rok

 A wannan watan za mu ɗan jingine finafinan soyayya da na faɗa, mu leƙa wani nau'in fim da ba kasafai 'yan kallon mu ke waiwayar sa ba, alhali ya na ɗauke da darasi ga duk mai sha'awar harkar fim, musamman wanda ke mafarkin zama tauraro wata rana.

A ƙasashen Turai da Amurka, idan ƙungiyar mawaƙan rok, wato masu kiɗan nan na jita mai lantarki da ganguna mai ƙara kamar saukar aradu, za ta fita rangadi gari-gari, akan samu wani darakta ya saɓi kyamara ya bi su. Ya shiga motar su, ya shiga jirgin su, ya kwana a otal ɗin da su ka kwana, ya tsaya a ɗakin da su ke canza kaya kafin su hau dandamali. Babu rubutaccen labari, babu 'yan wasa, babu mai cewa "kat, a sake." Abin da ya faru shi ake ɗauka. Irin wannan fim shi ake kira dokumentari.

To amma fa a lura. Kyamara ta kan ɗauko awa ɗari, wani lokacin ma sama da dubu, fim kuwa da wuya ya wuce awa biyu. Dole ne wani ya zauna a ɗakin editin ya ce a bar wannan, a zubar da wancan, kuma wannan mutumin shi ne mai labarin. Duk finafinan da zan kawo maku, abin da ya raba na ƙwarai da na talla shi ne amsar tambaya ɗaya: almakashin ya na hannun darakta ne, ko ya na hannun tauraron da aka ɗauka?

YADDA ABIN YA FARO

Kafin 1960 kyamarar fim ƙatuwa ce, sai an kafa ta a kan ƙafafu, na'urar ɗaukar sauti ita ma kaya guda. Ba yadda za a yi ka bi mutum cikin mota da su. A wannan shekarar ne wasu matasa a Amurka, ƙarƙashin wani ɗan jarida mai suna Robert Drew, su ka fito da salon aiki da ƙaramar kyamara ta saɓawa a kafaɗa tare da rikodar sauti ta ratayawa. Da su su ka bi John Kennedy wajen yaƙin neman zaɓen fidda gwani a jihar Wisconsin, su ka yi fim mai suna Primary. Biyu daga cikin masu ɗaukar hoton, D.A. Pennebaker da Albert Maysles, su ne daga baya su ka juya kyamarar kan mawaƙa.

Pennebaker ya bi Bob Dylan rangadin Ingila a 1965, fim ɗin ya fito a 1967 da sunan Dont Look Back, baƙi da fari. Dylan shi kaɗai ne da jitar sa a wannan tafiya, amma fim ɗin ne ya shimfiɗa tabarmar da na ƙungiyoyi su ka zo su ka hau. Shekarar sa 23 a lokacin, matasa na yi masa kallon muryar waɗanda aka zalunta. A fim kuwa sai ga yaro mai kaifin baki da ji da kai. Ga shi ya na wanke wani wakilin mujallar Time tas a bainar jama'a. Ga shi ya na tada jijiyar wuya a otal ɗin Savoy na Landan kan wanda ya jefa kofin gilashi ta taga. Ga budurwar sa, mawaƙiya Joan Baez, wadda ta taimaka wajen ɗaga shi a Amurka, ta biyo shi har Ingila amma ko sau ɗaya bai kira ta dandamali ba, har ta gaji ta kama gaban ta. Ga manajan sa Albert Grossman a ofis ana haɗa BBC da gidan talbijin na Granada ciniki ta waya don kuɗi ya hau, sak dillali a kasuwar shanu.

Abin mamakin shi ne manajan nan na cikin furodusoshin fim ɗin. Pennebaker ya sha ba da labarin cewa ranar da Dylan ya fara kallo, ya ce a sake nuna masa washegari domin zai rubuta duk abin da za a cire. Ya dawo da takarda a hannu, ya kalla har ƙarshe, ya tashi takardar ba komai a kan ta. Da a ce ya cika ta da rubutu, da yanzu ba mai maganar fim ɗin.

DAREN ALTAMONT

A ƙarshen 1969 ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila, su Mick Jagger da Keith Richards, ta yi rangadin Amurka. Albert Maysles da ƙanen sa David su ka bi su da kyamara. Da aka yi ta sukar ƙungiyar kan tsadar tikiti, sai su ka ce za su rufe rangadin da wasan kyauta a Kalifoniya. Filin da aka fara nema a San Faransisko bai samu ba, na biyu ma ya wargaje kan maganar kuɗi, sai ana saura kwana biyu aka koma wani filin tseren motoci a bayan gari mai suna Altamont. Ruɗanin nan duk ya na cikin fim: lauya Melvin Belli zaune a ofis, ana ta cacar baki ta waya kan inda jama'a za su ajiye motoci.

Ranar 6 ga Disamba, 1969, mutum kusan 300,000 su ka hallara. Dandamalin da aka kafa cikin gaggawa tsawon sa bai fi mita ɗaya ba, ga shi a gindin gangara, jama'a na turowa daga sama. Su wa aka sa su tsare shi? 'Yan Hells Angels, wata ƙungiyar 'yan daba masu manyan babura. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne ladar su giya ce ta dala 500. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Tun da rana abubuwa su ka fara lalacewa. Jagger na sauka daga jirgi mai saukar ungulu wani ya kai masa naushi a fuska. 'Yan babur na jibgar 'yan kallo da sandunan wasan sunuka. Mawaƙin ƙungiyar Jefferson Airplane, Marty Balin, ya diro daga dandamali don ya raba faɗa, su ka buge shi ya suma. 'Yan Grateful Dead da su ka iso su ka ji labari, sai su ka fasa hawa su ka juya. Da dare ya yi Stones su ka hau, Jagger ya yi ta tsayar da kiɗa ya na roƙon jama'a su natsu, ba mai sauraren sa.

Ana cikin waƙar Under My Thumb, wani baƙar fata ɗan shekara 18 mai suna Meredith Hunter, sanye da kwat kore shar, ya samu saɓani da 'yan babur a gaban dandamali. Su ka fatattake shi, ya dawo ya zaro bindiga. Wani ɗan Hells Angels mai suna Alan Passaro ya daka masa wuƙa, ya mutu. Kyamara ta kama, amma cikin duhu da turmutsitsi ba a san abin da aka ɗauko ba sai da aka zauna duba hotuna. 'Yan ƙungiyar ma ba su san an yi kisa ba, su ka ƙarasa waƙoƙin su, su ka cunkusu a jirgi su ka bar wajen. Mutum huɗu ne su ka mutu a wannan taro: Hunter, da biyu da mota ta take, da ɗaya da ya nutse a magudanar ruwa.

To a nan ne maganar almakashi ta shigo. Da ƙungiyar ce ke yanka, da ƙila wasannin su na Madison Square Garden a New York kawai za mu gani, waɗanda su ka yi armashi ƙwarai. Amma editar fim ɗin, Charlotte Zwerin, wadda aka sa sunan ta a matsayin darakta ta uku, ta kawo shawarar a kira 'yan ƙungiyar ɗakin editin, a nuna masu hotunan, a kuma ɗauki fuskokin su su na kallo. Shi ya sa a farkon fim za ka ga makaɗin ganga Charlie Watts ya yi jugum ya na sauraren wani jagoran 'yan babur, Sonny Barger, ya na ɗora wa Jagger laifi a gidan rediyo. Daf da ƙarshe kuma Jagger ya ce a maido masa wajen kisan. David Maysles ya mayar da hoton baya, ya taho da shi a hankali, ya tsayar. Ga bindiga ta fito ƙarara a gaban farar rigar budurwar yaron, ga wuƙa a sama. Jagger bai iya cewa komai ba illa abin ya yi muni. Ya miƙe zai fita, ya kalli kyamara, sai aka daskarar da hoton a kan fuskar sa. Babu mai sharhi, babu wanda ya ce laifin wane ne. Kai mai kallo aka bar wa hukunci.

Fim ɗin, mai suna Gimme Shelter, ya fito a Disambar 1970. Hoton nan har kotu ya je: an gurfanar da Passaro bisa zargin kisan kai, aka nuna shi a matsayin shaida, a Janairun 1971 aka sallame shi bisa cewa kare kai ne tunda ga bindiga a hannun mamacin. Fitacciyar mai sharhin finafinai Pauline Kael ta zargi masu fim ɗin da cewa don kyamara aka shirya wasan tun farko, saboda haka su ma su na da kaso a laifin. Sun musanta. Wani ƙarin bayani ga masu son tarihi: cikin masu riƙe da kyamara a ranar har da wani matashi George Lucas, wanda daga baya ya yi Star Wars, sai dai tasa kyamarar maƙalewa ta yi.

WANDA MACIJI YA SARA

A 1972 Stones su ka koma rangadin Amurka, karo na farko tun bayan Altamont. Su da kan su su ka ɗauko Robert Frank, shahararren mai ɗaukar hoto haifaffen Suwizalan, wanda ya yi masu bangon faifan su na wannan shekarar. Frank ya zo da wata dabara: ya ajiye kyamarori da fim a ciki a bayan fage da ɗakunan otal, duk wanda ya ga dama ya ɗauka ya danna. Abin da ya fito ba na kallo a gaban surukai ba ne. Ana shaƙar hodar ibilis, ana allurar ƙwaya, ana sheƙe aya da mata a cikin jirgi, ga Keith Richards da abokin sa mai busa su na jefo talbijin daga benen otal su na dariya. Sunan fim ɗin ma batsa ne, ba zai rubutu a mujallar nan ba. Amma masu sharhi da dama sun ce abin da ya fi tsaya masu a rai shi ne kaɗaici da gundura: manyan taurarin duniya zaune a ɗaki sun rasa abin yi, su na jiran dare ya yi a kira su.

Da 'yan ƙungiyar su ka gani sai su ka ce ina, ba da mu ba! An ce tsoron su shi ne hukuma ta hana su sake shiga Amurka. Magana ta kai kotu, a 1977 aka yanke wani hukunci mai ban mamaki: ba za a nuna fim ɗin fiye da sau huɗu a shekara ba, kuma sai Frank na zaune a wajen. Abin da aka saki wa jama'a daga wannan rangadi shi ne wani fim na 1974, Ladies and Gentlemen: The Rolling Stones, wanda waƙoƙin dandamali ne zalla. Tafiya ɗaya, finafinai biyu, ɗaya a sinima ɗaya a kulle. Frank ya rasu a 2019.

ALMAKASHI A HANNUN ABOKI

Akwai kuma inda ba a hana fim fita ba, sai dai an karkata shi. The Band ƙungiya ce ta 'yan Kanada huɗu da Ba'amurke ɗaya, waɗanda su ka taɓa yi wa Bob Dylan kiɗa. Bayan shekara 16 a kan hanya, mai jitar su Robbie Robertson ya ce ya gaji. Aka shirya wasan bankwana ranar 25 ga Nuwamba, 1976, a zauren Winterland na San Faransisko. Aka ciyar da mutum 5,000 abincin dare, manyan baƙi irin su Dylan, Eric Clapton, Muddy Waters, Joni Mitchell da Neil Young su ka hau. Martin Scorsese, wanda ya fitar da Taxi Driver a wannan shekarar, shi ya ɗauka da kyamarorin milimita 35 irin na manyan finafinai. The Last Waltz ya fito a 1978, kuma wajen kyan hoto da sauti ba a magana.

Sai dai Robertson shi ne furodusa, kuma a lokacin editin gida ɗaya su ke zaune da Scorsese. Sakamakon a bayyane ya ke: shi ne ya fi kowa magana a hirarraki, shi kyamara ta fi so a dandamali. Richard Manuel mai fiyano, wanda abokan sa ke ɗauka a matsayin babban mawaƙin su, da ƙyar ake ganin sa. Makaɗin ganga Levon Helm, a littafin rayuwar sa na 1993, ya ce shi bai taɓa son a daina rangadi ba, kuma an tsara fim ɗin ne don a mayar da Robertson tauraro. Ga kuma wata: Neil Young ya hau dandamali da ɗigon hodar ibilis a hanci, aka kashe kuɗi aka goge shi hoto bayan hoto, a zamanin da babu kwamfutar da za ta yi wannan aiki.

Duk da haka wata gaskiya ta tsira. A ƙarshen fim Robertson ya lissafo mawaƙan da hanya ta cinye, su Hank Williams, Buddy Holly, Otis Redding, Janis Joplin, Jimi Hendrix da Elvis, ya ce wannan rayuwa ba mai yiwuwa ba ce. Sauran huɗun sun sake haɗuwa a 1983 ba tare da shi ba, su ka koma yawon ƙananan kulob-kulob. A Maris ɗin 1986, bayan wani wasa a jihar Florida, Manuel ya kashe kan sa a ɗakin otal ya na da shekara 42. Wanda ya san wannan, in ya zauna kallon fim ɗin a yau, sai ya riƙa neman fuskar Manuel a gefen hoto inda aka tura shi.

ƘARYAR DA TA FI GASKIYA

Zuwa 1984 irin waɗannan finafinai sun yi yawa har darakta Rob Reiner ya yi na barkwanci a kan su, This Is Spinal Tap. Ƙungiyar ƙirƙirar ta aka yi, 'yan wasan barkwanci ne su ka fito a mawaƙa, amma aka ɗauka kamar dokumentari. Akwai mai jitar da ke alfahari da cewa maɓallin ƙarar lasifikar sa ya kai 11 alhali na kowa a 10 ya tsaya. Akwai wajen da su ka ba da odar a gina masu duwatsun Stonehenge masu tsawon ƙafa 18, aka yi kuskuren rubutu aka kawo masu na inci 18. Akwai inda su ka ɓata a lungunan bayan fage su ka rasa hanyar dandamali. Mawaƙan gaske da dama, har da Ozzy Osbourne, sun ce abin ya yi kama da rayuwar su har ya wuce wasa. Tunda ƙungiyar ba ta wanzu ba, babu manaja ko lauyan da zai ce a cire wani abu.

RANAR WANKA

Kada a ce duk tauraron da ya biya kuɗin fim maƙaryaci ne. A 2001 ƙungiyar Metallica ta Amurka ta kira daraktoci biyu, Joe Berlinger da Bruce Sinofsky, su ɗauki yadda su ke haɗa sabon faifai kafin su fita rangadi. Abu na talla aka yi niyya. Sai aka tarar gida na cin wuta. Mai jitar bas Jason Newsted ya fice a watan Janairu. An ɗauko wani mai sasanta tsakani, Phil Towle, ana biyan sa dala 40,000 a wata don ya koya wa ƙarti yadda za su yi wa juna magana. Babban mawaƙin su James Hetfield ya yi faɗa da makaɗin ganga Lars Ulrich, ya buga ƙofa ya fita, ya tafi asibitin masu fama da shan giya, bai dawo aiki ba sai bayan wata tara. Da ya dawo ya ce awa huɗu kawai zai riƙa aiki a rana, kuma kada kowa ya saurari abin da aka ɗauka bayan ya tafi gida.

An tara hoto na kimanin awa 1,600. Kamfanin faifan su ya so a yayyanka shi a yi shirin talbijin, sai ƙungiyar ta biya miliyoyin daloli daga aljihun ta, ta karɓe hotunan, ta bar daraktocin su yi fim ɗin su. Some Kind of Monster ya fito a 2004. A ciki ga Ulrich ya na kurma ashar daf da fuskar Hetfield, ga mahaifin Ulrich, dattijo mai dogon gemu, ya saurari wata sabuwar waƙa ya ce wa ɗan sa gara a goge ta. Ga Dave Mustaine, wanda su ka kora tun 1983, ya na faɗa wa Ulrich irin ciwon da korar ta bar masa, kuma shi Mustaine daga baya ya yi ƙorafin sa wannan wajen a fim. Magoya baya da yawa sun yi masu dariya, wai zakuna sun koma kyanwa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma har yau idan ana lissafin finafinan mawaƙa na ƙwarai sai an sa shi.

WAƊANDA BA SU DA ABIN ƁOYEWA

Wanda ya fi taɓa zuciya a wajena shi ne na waɗanda ba su yi suna ba. Anvil ƙungiya ce ta 'yan Kanada. Steve Kudlow, wanda ake kira Lips, da abokin sa Robb Reiner sun haɗu tun su na samari. A 1984 sun hau dandamali ɗaya da Bon Jovi da Scorpions da Whitesnake a Japan. Waɗancan su ka sayar da miliyoyin faifai, su kuwa shiru. A fim ɗin Anvil! The Story of Anvil na 2008, sai ga Lips ya haura shekara 50 ya na tuƙa motar rabon abinci ga makarantun yara. Daraktan, Sacha Gervasi, tun ya na yaro ya taɓa yi masu ɗaukar kaya.

Rangadin su na Turai abin tausayi ne da dariya a haɗe. Jirgin ƙasa ya tafi ya bar su. A birnin Prague sun yi ɓatan hanya sun iso a makare, su ka yi wasa, mai kulob ya hana su kuɗin su. A Romaniya an kai su zauren da ke cin mutum 10,000, mutum 174 su ka zo. Yayar Lips ce ta ba shi rancen kuɗin haɗa faifan su na 13. Babu wanda ya ce a yanke ko ɗaya, domin ba su da wata martabar kasuwa da za su kare. Kuma gaskiyar nan ce ta ɗaga su: bayan fim ɗin ya fito, a 2009 AC/DC ta gayyace su su buɗe mata wasa a manyan filaye.

YADDA ZA KA KALLA

A zamanin nan na Netflix da YouTube finafinan rangadi sun ƙara yawa, kuma akasarin su tauraron ne ko kamfanin sa ke ɗaukar nauyi. Ba wai ba su da daɗi ba ne. Ɗauki Flight 666 na 2009: Iron Maiden ta yi wasa 23 cikin kwana 45 a farkon 2008, ta faro daga Mumbai a Indiya, a cikin jirgin Boeing 757 wanda mawaƙin su Bruce Dickinson ke cikin matuƙan sa. Za ka ga wani masoyin su a Kolombiya ya na kuka wiwi don ya cafe sandar ganga. Fim ne mai nishaɗi, amma manajan ƙungiyar na cikin manyan furodusoshin sa, kuma daga farko har ƙarshe ba za ka ga abin da zai ɓata wa ƙungiyar rai ba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in ka samu irin wannan fim ka yi abu uku. Na farko, kada ka kashe da zarar an fara jero sunaye, ka duba furodusoshi. In ka ga sunan tauraron ko manajan sa, ka san da wa ka ke magana. Na biyu, ka ƙirga sau nawa aka nuna tauraron cikin yanayin da shi kan sa ba zai so ba. Kukan da aka shirya da fitila mai kyau da kiɗan tausayi a ƙasa ba ya cikin lissafi. Na uku, ka kalli gefen hoto: direba, masu ɗaukar kaya, matar da aka bari a gida, abokin da ba a ba shi damar magana ba. Sau da yawa labarin ya na wajen su.

Ga masu sha'awar yin irin wannan aiki kuma, wayar da ke aljihun ka ta fi kyamarar Pennebaker sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, kuma ba sai an je Ingila neman ƙungiyar rok ba. Masu jitar Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar sun daɗe su na rangadin Turai da Amurka. A Yulin 2023 juyin mulki ya rutsa da ƙungiyar Mdou Moctar su na tsakiyar rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, su ka kasa komawa gida na wani lokaci. Irin wannan labari shi ne abincin dokumentari. Sai dai kafin ka danna rikodin, ku zauna da mawaƙin ku rubuta a takarda wa ke da maganar ƙarshe a ɗakin editin. Robert Frank ya yi aikin sa da kyau, amma fim ɗin sa a kulle ya ƙare.

Ku rubuto mana ra'ayin ku: in kai ne tauraron, za ka yarda a nuna ka yadda ka ke? Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.